Aikin ƴan adawa a majalisa

Kai mai koyon karatu a Tunuga, in ka aiki yaro kasuwar Gaya da kuɗi, ai kakan nemi lissafi. To, kuɗin gwamnati harajinka ne. Neman lissafinsa shi ne babban aikin ƴan adawa a majalisar dokoki.

Da farko, suna kiran minista ya amsa tambaya a gaban jama'a. Na biyu, suna duba kasafin kuɗi kafin a amince da shi. Na uku, in abu ya ɓaci, sai su nemi ƙuri'ar yanke ƙauna.

An yi haka a Yamai ranar 31 ga Mayu 2007, kan zargin ɓatan kuɗin ma'aikatar ilimi da yaƙi da jahilci. Ƴan adawa kaɗai ba su da rinjaye, amma wasu na gefen gwamnati suka bi bayansu. Ƴan majalisa 62 cikin 113 suka amince, gwamnatin Hama Amadu ta faɗi.

An rushe majalisar bayan juyin mulkin 2023. Amma ka riƙe wannan: dukiyar jama'a amana ce, kuma mai riƙon amana dole ya ba da lissafi.