Yadda Za A Daidaita Zafin Tankin Ruwan Wanka

In hunturu ya shigo kowa yana son ruwan ɗumi. Waɗansu gidaje da ɗakunan shan magani suna da tankin dafa ruwa mai aiki da lantarki, watau hita. A jikinsa akwai maɓalli mai lambobi, shi ke tsai da zafin ruwan.

A sa shi kan digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Ga dalili. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lijiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka cikin 1976. Takan hayayyafa a ruwa mai digiri 20 zuwa 45, amma 60 yana kashe ta. In kuwa aka zarce 60, kuɗin wuta ya ƙaru a banza, farin dutse kuma ya riƙa taruwa cikin tankin.

Sai dai a kula. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka a fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sa'an nan a ƙara na zafi. Uwa ta gwada da gwiwar hannu kafin ta yi wa jariri wanka. Kada a murɗa maɓallin sai an kashe wuta tukuna.