Jarrabawar Gini Mai Tsimin Makamashi: Abin Da Masu Zanen Gine-gine Na Manchok Da Kafanchan Za Su Shirya Wa

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin lantarki na watan Afrilun 2024, masu gina otal, asibiti da rumbunan ajiyar citta a kudancin Jihar Kaduna sun fara yi wa masu zanen gini wata sabuwar tambaya: nawa ginin zai riƙa ci a wuta da ruwa bayan an kammala shi? Wannan ne ya sa takardar shaidar ƙwarewa a fannin gini mai tsimin makamashi ta soma daraja a garuruwa irin su Manchok da ke Ƙaramar Hukumar Kaura.

Shaidu biyu ne suka fi fice. Ta farko ita ce LEED, wadda wata majalisar gine-gine ta Amurka ta ƙaddamar a 1998. A matakinta na farko ana amsa tambayoyi 100 cikin awa biyu a kan kwamfuta, kuma sai da maki 170 daga cikin 200 ake ci. Wanda ya ci, wajibi ne ya yi awa 15 na ƙarin karatu a kowace shekara biyu, in ba haka ba shaidar ta faɗi. An fitar da siga ta biyar ta tsarin a 2025, don haka kafin a sayi littafi, a tabbatar da sigar da jarrabawar ta dogara a kai.

Ta biyu ita ce EDGE, ta hukumar IFC da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, wadda aka tsara domin ƙasashe masu tasowa. Ma'auninta a fili yake: gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na wuta, na ruwa, da na abin da sarrafa kayan gininsa ya ci. Sai an halarci horo kafin a zauna jarrabawar, amma manhajar lissafinta kyauta ce a intanet.

Ga mai aiki a Manchok, EDGE ta fi kusa da bukata. LEED ta ginu ne bisa ƙa'idojin Amurka, kuma ta fi dacewa da manyan benaye irin Heritage Place da ke Ikoyi a Legas. Manchok kuwa tana gindin tsaunukan Filato, inda damina ke da tsawo, zafi kuma bai kai na Sakkwato ba. A irin wannan wuri, rufi mai tare zafi, tagogi masu fuskantar iska, tara ruwan sama da tubalin jar ƙasa kan rage kuɗin da za a kashe wa janareta ƙwarai. Hanya mafi amfani ta shiri ita ce mutum ya ɗauki zanen wani gini da ya taɓa yi, ya saka shi cikin manhajar, ya riƙa sauya rufi da tagogi yana duban yadda alƙaluman ke motsawa. Hadda kaɗai ba ta wadatarwa.

Akwai kuma ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017, wadda ta shafi girman tagogi, rufi, fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki. Karanta ta na sauƙaƙa fahimtar darussan biyu.

Sai dai babu ɗaya daga cikin shaidun da ke maye gurbin rajista da ARCON ga masu zane, ko COREN ga injiniyoyi. Ɗan kasuwar da zai ba da kwangila ya fara neman lambar rajistar, sannan ya duba shaidar.