Ciwon Ƙugu Bayan Ɗaukar Nauyi: Wanda Ake Jinya a Gida da Wanda Ake Gaggawar Kai wa Likita

A ƙasar Adar, da ƙugu ake neman abinci. Mai jan guga a rijiyoyi masu zurfi na Tebaram da ƙugu yake ja. Ɗan dako a kasuwar Tawa da ƙugu yake ɗaukar buhun hatsi mai kilo 100, ko buhun simintin Malbaza mai kilo 50. Mace mai ɗora jarka biyu bisa jaki ta ɗaga kilo 25 sau biyu. Yanzu kuma ga samari masu ɗaga ƙarfe. Suna zuba siminti cikin tsofaffin gwangwanaye, su sa sandar ƙarfe a tsakiya, su yi ta ɗagawa safe da yamma don ƙirji ya buɗe. Wasunsu shirin kokowa suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a nan Tawa aka fara gasar Takobi ta ƙasa a shekarar 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Mutum ya duƙa, ya cicciɓi kaya, ya juya da su, sai ya ji wani abu ya soke shi a gindin baya. Kashegari ko ruku'u ba ya iya yi.

Me ya faru a ciki?

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera, wani bisa wani. Biyar daga cikinsu suna daidai ƙugu, su ne suka fi girma, su ne kuma ke ɗauke da nauyin jiki da na kaya. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a waje, mai laushi a ciki. Aikinsa aikin gammo ne. Ta bayan waɗannan faya-fayai jijiyoyi suke bi, su sauka zuwa ƙafafu, da mafitsara, da dubura. Tsoka kuma ta kewaye duka ta riƙe.

Yawancin lokaci tsoka ce ta ji rauni, ko igiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan. Zafin yana da tsanani, amma yana tsayawa a ƙugu, kuma yakan yi sauƙi cikin mako biyu zuwa shida. Wani lokaci kuwa gammon ne yake tsagewa, laushin cikinsa ya fito ya danne jijiya. A nan zafi yakan bi ɗuwawu, ya gangara bayan cinya har ƙasan gwiwa, ƙafa ta riƙa yin minjirya. Tari ko atishawa sai su ƙara shi. Ko wannan ma, mafi yawan masu shi suna warkewa cikin wata biyu zuwa uku ba tare da an yi musu aiki ba.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu, kuma babu ciwon da ya fi shi hana mutane aiki a duniya.

Alamun da ba a kwana da su

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan wuri shi ne ya kamata ka karanta sau biyu, ka kuma karanta wa mutanen gidanka.

Idan bayan ciwon fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba da saninka ba, ko ka kasa riƙe bayan gida, jijiyoyin ƙasa ne aka matse. Haka nan idan ka yi tsarki ka ji wurin ya mutu, ba ka jin taɓin ruwa tsakanin cinyoyi. Haka nan idan ƙafa tana ƙara rauni kullum, tana jan ƙasa, takalmi yana suɓulewa ba ka sani ba. Irin wannan ba ya jiran ranar kasuwa. A nemi mota ran nan. Likitoci suna so su sassauta wa jijiyar cikin kwana ɗaya ko biyu, domin idan aka daɗe, mutum yana iya rasa ikon riƙe fitsari har iyakar ransa. Kunya ce takan hana magidanci faɗin wannan a gaban ƴaƴansa. To, ya faɗa wa likita shi kaɗai, amma ya faɗa.

Wanda ya faɗo daga bisa rumbu ko amalanke, ko buhu ya faɗo masa a baya, shi ma ƙashinsa yana iya karyewa. Kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi bisa babur. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako, a ɗauke shi haka.

Akwai kuma ciwon da ake ɗora wa buhu laifinsa, alhali buhu bai yi komai ba. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya. Mai shi yakan rame, ya yi zazzaɓin yamma da gumin dare, ciwon ya hana shi barci ko yana kwance, daga baya wani ƙullutu ya fito a gadon bayansa. Ana ba da maganin tarin fuka kyauta a Nijar, ana shansa wata shida ko fiye, kuma wanda ya fara da wuri yana tsira daga ƙusumbi da shanyewar ƙafafu. Ciwon ƙoda ma yakan zo da zafin gefen ƙugu da zazzaɓi da zafin fitsari. Ga makiyaya kuma akwai wata cuta da ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, ko daga taɓa dabbar da ta yi ɓari, ita ma tana kama ƙugu.

A gidan likita

Matakin farko shi ne gidan likita na gari, wanda ake kira CSI. Kada ka ce kawai "bayana ke ciwo" ka yi shiru. Faɗa wa manjo ranar da abin ya fara, da abin da kake ɗagawa, da inda zafin yake tsayawa, da duk maganin da ka riga ka sha, har na gargajiya. Zai sa ka taka da dunduniya, ka taka da yatsu. Zai kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafarka a miƙe, ya ga ko zafi zai bi ta. Yana iya buga gwiwarka da ƴar gudumar roba. Da waɗannan tambayoyi da wannan taɓawa ake gane mafi yawan abin da ake bukata.

Mutane da yawa ba sa yarda an duba su sai an ɗauki hoton ƙashi, wanda ake ce wa radiyo. Har akan sayar da akuya don shi. Amma wannan hoto ƙashi kawai yake nunawa. Ba ya nuna tsoka, ba ya nuna jijiya, ba ya nuna tsagewar gammo. Idan babu alamun hatsari, ba a bukatarsa a makonnin farko. Idan akwai su, manjo zai rubuta takarda ya tura ka babban asibitin jiha a Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, inda ake yin tiyata iri-iri. Aikin jijiyar baya kuwa, da na'urar da ke nuna ta sosai, mai suna IRM, galibi sai an dangana da manyan asibitocin Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 daga Tawa. Kaɗan ne ƙwarai suke kai wa wannan mataki.

Jinya

Dā ana cewa mai ciwon baya ya kwanta har sai ya warke. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana sa tsoka ta yi sanyi, ciwo ya daɗe. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Daga nan a tashi, a riƙa ɗan zagayawa cikin gida, gobe a ƙara, jibi a kai bakin masallaci. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a gasa wurin. Mai barci ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi ya yi salla a zaune, addini ya ba shi wannan sauƙi.

Maganin zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimako, amma na ƴan kwanaki ne, kuma bayan an ci abinci. Suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana yana shan ruwa kaɗan. Mai gyambon ciki, da mace mai juna biyu, da tsoho, kada su sha sai da izinin likita.

Babban abin tsoro shi ne tramol da ake saye hannun masu talla. Ba ya ɗinke abin da ya tsage. Zafin kawai yake rufewa, sai saurayi ya koma ƙarƙashin buhu ko ƙarfensa, raunin yana ƙaruwa shi bai sani ba. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, ba ya iya tashi sai da shi, wasu har farfaɗiya take kama su. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a yi jinyar daɗaɗɗen ciwon ƙugu, wato wanda ya wuce wata uku, da magunguna irin wannan. Ta fi ƙarfafa motsa jiki, da tausa, da koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa.

Game da maganin gida, a ganinmu tausa mai sauƙi ba ta da laifi. Amma sakiya da tsaga suna barin miki da kan ruɓe, kuma aska ɗaya tana iya ɗaukar cuta daga wani zuwa wani. Hawa bayan mai ciwo a tattaka shi hatsari ne. Sau da yawa kuma akan ce ai basir ne ko sanyi, a yi wata uku ana shan jiƙo, tarin fuka kuwa yana can yana cin ƙashi.

Komawa aiki

Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji ɗaya ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhun hatsinmu ya kusa ninka wannan, na albasa ma yakan fi. Saboda haka buhu aikin mutum biyu ne, ko aikin baro da amalanke. In za ka ɗaga, matso kusa da kayan, buɗe ƙafafu, lanƙwasa gwiwa, rungume kayan a jikinka, ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu.

Mai ɗaga ƙarfe da ya ji sauƙi kada ya koma kan nauyin da ya kayar da shi. Ya fara da sandar kaɗai, babu gwangwani. In ya kwana biyu zafi bai dawo ba, ya ƙara kaɗan. Ya tabbata gwangwanayen nan biyu nauyinsu ɗaya, domin na gida sau da yawa ɗaya yakan rinjayi ɗaya. In zafi ya sake gangarawa ƙafa, ya ajiye ƙarfen, ya koma wurin manjo da takardarsa ta farko a hannu.