Gandoki da Hijirar Sarkin Musulmi: Tarihin da Ya Fake a Ƙasar Aljannu

Da yawa daga cikin malamanmu na zaure a nan birnin Shehu, waɗanda suka ƙoshi da fiƙihu da nahawu da lugga, sun daɗe suna ɗaukar littattafan da ake ambaton aljannu da dodanni da tsuntsaye masu magana a cikinsu tamkar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, abin da ya dace da yara bayan sallar isha'i, ba da mai neman ilimi ba. Amma wanda ya karanta Gandoki na Malam Bello Kagara da idon basira, yana kuma sane da abin da ya auku a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, ranar da Turawa suka ci Sakkwato da yaƙi, zai tarar da baƙin cikin al'umma guda a lulluɓe cikin wannan hikaya.

Littafin ya samo asali ne daga gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da Ruwan Bagaja na ƙanen marubucin, Abubakar Imam. A lokacin Malam Bello yana koyarwa a Kwalejin Katsina, albashinsa daga hannun Nasara, alƙalin gasar kuma Bature. Duk da haka sai ya zaɓi jarumin da ya yaƙi Turawa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a hijirarsa zuwa gabas har Burmi, inda Sarki ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Har zuwa nan labarin bai rabu da tarihi ba. Daga nan ne alƙalami ya bar doron ƙasar da muka sani, ya kai Gandoki da ɗansa Garba Gagare garuruwan aljannu da matsafa, inda takobinsa ba ya komawa kube sai da nasara, waɗanda ya rinjaya kuma suna karɓar kalmar shahada.

Hikimar wannan sauyi a fili take ga mai tadabburi. Takobin da bindiga mai ruwa ta wulaƙanta a Giginya, da tutar da ta faɗi a Burmi, ba su da sauran fagen da za su ɗaukaka a cikinsa ƙarƙashin idon Razdan, sai fagen da ba a tuhumar mai shigarsa da tawaye. Saboda haka marubucin ya kai jihadin can, ya cika wa masu karatunsa burin da zamani ya hana su. Sa'an nan ya komo da jaruminsa gida, ya tarar mulkin Nasara ya kafu, ya zauna da shi. Wannan kuwa ita ce mas'alar da ta raba kan malaman Sakkwato a wancan lokaci: ko hijira ta wajaba, kamar yadda Attahiru ya gani, ko kuwa a zauna a yi taƙiyya don kare addinin talakawan da ba su da guzurin tafiya, kamar yadda Waziri Buhari ya zaɓa, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Gandoki ya ɗauki ɓangarorin biyu a jikinsa, ya yi hijira, ya kuma dawo.

Haka ma Imam ya yi a Magana Jari Ce, inda waziri ya ci amanar Sarki Abdurrahman, aku kuma ya tsare ɗan sarki da fasahar harshe har aka naɗa shi waziri. Nasihar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa masu mulki cikin Liya'ul Hukkam, cewa su zaɓi mashawarta masu amana, ita ce aka sa a bakin tsuntsu don ta isa kunnen da wa'azi bai isa ba.

Ya kamata, ashe, malaman Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa karantar da Gandoki tare da risalar Waziri Buhari a darasi guda, domin risala ta faɗi hukuncin da malamai suka yanke, hikaya kuwa ta adana raɗaɗin da jama'a suka ji bayan an yanke shi, ɗalibi kuma ba zai fahimci shekarar 1903 ba sai ya san duka biyun.