TALATA 17 GA WATA: INDA TSORO DA DARIYA SUKA GAMU

A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai, mutane da dama suna camfa ranar Juma'a in ta faɗo 13 ga wata. Daga wannan camfi ne Sean Cunningham ya samo sunan sinimarsa ta ban tsoro, "Friday the 13th", wadda ta fito a shekara ta 1980. Labarinta na wani sansani ne a bakin tabki, inda ake kai yara lokacin hutun makaranta, kuma inda wata uwa take kashe masu tsaron yara ɗaya bayan ɗaya, don ramuwar ɗanta Jason da ya nutse saboda sakacin irinsu.

Ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu na shekara ta 2009, wato ranar da aka fitar da sabon zubin wannan sinima, tashar telebijin ta USA Network ta nuna wani kashi na wasan "Psych" wanda ya kwaikwaye ta don ban dariya. Sunansa "Tuesday the 17th", wato Talata 17 ga wata, ranar da babu mai tsoronta.

Steve Franks ne ya ƙago "Psych", wanda aka nuna daga 2006 zuwa 2014. Jigon wasan shi ne Shawn Spencer, saurayi mai kaifin ido, wanda mahaifinsa ɗan sanda ya hore shi tun yana ƙarami ga lura da kowane ƙanƙanin abu. Shi kuwa sai ya gaya wa ƴan sandan birnin Santa Barbara wai duba yake yi, yana ganin abin da ke ɓoye. Abokinsa Gus, mai tallar magunguna, yana biye da shi, ko da yake matsoraci ne na gaske. James Roday, mai fitowa a matsayin Shawn, shi ya ja ragamar ɗaukar wannan kashi, kuma shi ne karonsa na farko a wannan aiki.

Ga yadda labarin yake. Wani abokinsu na ƙuruciya, Jason Cunningham, ya kira su zuwa sansanin Tikihama, don wata ma'aikaciya mai suna Annie ta ɓace. Masana sinima sun gane zolayar nan take: an haɗa sunan yaron da ya nutse da na mai sinimar 1980, kuma Annie suna ne na wata da aka kashe a can. Dare ya yi, hadari ya taso, ga wani mai rufaffiyar fuska yana yawo cikin duhu. Can sai ta bayyana cewa duk shiri ne: Jason yana gwajin sansanin da manya za su biya kuɗi a tsorata su. Amma dariya ba ta daɗe ba, sai aka tsinci gawa ta gaske. Mai kisan ɗa ne ga wani ma'aikaci da wutar lantarki ta halaka a wurin wankan sansanin shekaru da suka wuce. A can uwa ce ta rama wa ɗa. A nan ɗa ne ya rama wa uba.

A daren nan kuma, babban jami'in bincike Lassiter ya je cin abinci da matarsa da suka rabu, yana sa ran sulhu. Ita kuwa takardun kashe aure ta zo da su. Bayan ya sha ɗacin abin, ya sa hannu ya sallame ta cikin mutunci.

Nan ne wasan ya wuce zolaya kawai. Mutum biyu ne suka yi rashi: ɗaya ya riƙe ƙullaci shekara da shekaru har ya zubar da jinin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ɗayan kuwa ya haɗiye baƙin cikinsa ya bar wa Allah. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci.