Tulun da Ya Faɗi Bai Fashe Ba

A farkon watan Agustan 2021, wani jirgin ƙasa na kamfanin Norfolk Southern ya goce daga kan layinsa kusa da wani ƙauye mai suna Huntington a jihar Missouri ta Amurka. Taragu sama da arba'in ne suka sauka daga dogo, da yawa suka kife, wasu suka hau kan wasu. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Kayan da ke ciki kuwa sababbin motocin Ford ne dal, a-kori-kura samfurin F-150 da motocin ɗaukar kaya samfurin Transit, ko lamba ba a liƙa musu ba. Abin ya zo a mugun lokaci, domin a shekarar duniya na fama da ƙarancin 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin nan da mota ba ta haɗuwa sai da su. Masana'antu suna tsayar da aiki, filayen diloli sun yi fayau, mutane sun ba da kafin alƙalami suna zaman jira wata da watanni.

Irin haka ta faru a Yulin 2019 a jihar Nevada, kusa da garin Caliente, inda jirgin Union Pacific ya zubar da motocin Jeep da na General Motors a cikin hamada. Ta kuma faru a Disambar 2016 a Carolina ta Kudu, inda motocin BMW kusan ɗari suka lalace a hanyarsu daga masana'antar Spartanburg zuwa tashar jiragen ruwa ta Charleston.

Dalilin da ya sa labarin ke maimaituwa shi ne, a Amurka kusan uku cikin kowace sabuwar mota huɗu da aka saya sai ta hau jirgin ƙasa kafin ta isa hannun dila. Ƙasar na da faɗi, tirela kuma ba ta ɗaukar fiye da mota takwas ko tara. Taragon motoci guda ɗaya tsawonsa ƙafa 89 ne, kimanin mita 27, mai hawa biyu yana cin manyan motoci takwas zuwa goma, mai hawa uku yana cin ƙanana har goma sha biyar. A shekarun 1960 a buɗe ake jigilarsu. Yara suka riƙa jifansu da duwatsu daga kan gada, ɓarayi suna kwance batir da taya idan jirgi ya tsaya, ƙanƙara tana lotsa rufi. Daga nan aka fara yi wa taragun bango, aka ƙara rufi, aka sa ƙofofi masu kulle. An ma taɓa gwada wata dabara a shekarun 1970: kamfanin General Motors da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific suka ƙera tarago da ake tsayar da ƙaramar motar Chevrolet Vega a cikinsa, hancinta na kallon ƙasa, talatin a tarago ɗaya. Sai da aka gyara tsarin injinta da batirinta don kada mai da ruwa su tsiyaye. A yau dai a tsaye kan tayoyinsu ake jera su, a ja birkin hannu, a datse kowace taya da waigi na musamman, a ɗaure da ɗamara.

Duk wannan tanadi na tafiyar lafiya ne. Idan ƙarfen dogo ya karye, ko zafin rana ya lanƙwasa shi, ko gindin taya ya ɗau zafi ya narke, babu ɗamarar da za ta riƙe mota mai nauyin tan biyu a cikin tarago mai jujjuyawa.

Lamarin ya yi kama da na tulu. Wanda ya taɓa zama kusa da unguwar maginan tukwane ya san wahalar sana'ar ba ta ƙarewa a wajen gashi. An haƙo yumɓu, an kwaɓa, an gina, an shanya, an gasa, tulu ya fito jawur. Saura kai shi kasuwa, nan ne kuma hankalin maginiya ba ya kwanciya. A shimfiɗa ciyawa, a jera tuluna da randuna, a cusa ƙaiƙayi a tsakaninsu, a ɗaure da igiya a kan jaki ko amalanke. Tana tsaye tana ta ja wa mai kai kayan kunne: "Don Allah, Malam, a bi a hankali wajen gangaren nan." Ta gama nata, sauran yana hannun wani.

Ranar da tsautsayi ya gitta kaya suka zube, tulunan gida uku suke rabuwa. Akwai waɗanda suka tarwatse suka zama tsingaro; waɗannan ba su da wata rigima, kowa ya ga asara, a yi salati a kwashe. Akwai waɗanda suka faɗa kan ciyawa, babu abin da ya same su. Sai na uku, masu wuyar sha'ani: tulu ya bugi ƙasa, an ɗaga an juya, ido bai ga komai ba, alhali a gindinsa akwai tsaga siririya kamar silin gashi. Zai riƙe ruwa yau, ya riƙe gobe. Wata rana yarinya ta cika shi a rijiya ta ɗora a ka, tana cikin tafiya gindin ya ɓalle. A ranar babu mai tambayar jakin wa ya yi tuntuɓe, ko a wane gangare. Abin da za a tambaya shi ne, tulun gidan wa aka saya?

Shi ya sa mace mai wayo ba ta sayen tulu sai ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ta kasa kunne. Lafiyayye yana amsawa da amo, mai tsaga muryarsa a dushe take. Shi ya sa kuma maginiya mai kishin sunanta, idan ta yi shakkar tulu, da hannunta take fasa shi, ko ta ware shi gefe ta ce wannan na zuba hatsi ne, ba na ruwa ba, ta rage kuɗi. Wadda ba ta tsoron Allah kuwa sai ta shafe tsagar da laka ta cusa shi cikin 'yan uwansa.

Motocin da jirgi ya kifar ma gida ukun nan suke rabuwa, sai dai ita mota ba a ƙwanƙwasa ta a ji amo. Mota ta zamani tana da ɗigon walda dubbai a jikinta, an kuma ƙera gangar jikin ta yadda idan aka yi karo wasu wurare za su lanƙwashe da gangan su shanye bugun, ɗakin da mutane ke zaune ya tsira. Idan ta riga ta sha bugu a tarago, wani ɓangare na wannan ƙarfin ya tafi, fenti kuma yana ta sheƙi. Ga na'urorin da ke umartar jakar iska ta buɗe, ga ƙafafun mota da aka fizga a kan ɗamara, ga man inji da ruwan batir da suka gangara inda bai kamata ba saboda motar ta kwana a kife. Mota mai amfani da lantarki ta fi ban tsoro, domin batirin da ya bugu yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki. Tsagar tulu ruwa take zubarwa. Tsagar mota sai ranar da ake gudu a babban titi da iyali a ciki take bayyana.

Akwai kuma abin da mai kallon hoto ba ya lura da shi. Layin dogo ba titi ba ne da za a ratse ta gefe. Muddin taragu suna kwance a kai, duk jiragen da ke baya sun tsaya, da alkama da kwal da kwantenoni. Don haka masu aikin share hanya ba lallashi suke zuwa yi ba. Da katafila suke zuwa, su yage bangon tarago, su cafko mota da haƙoran ƙarfe su jefar gefe. An ga haka a bidiyon motocin BMW na Carolina ta Kudu, mutane da yawa kuma sun ji zafin kallonsa. Motoci da dama da suka tsira daga faɗuwa, a hannun masu kwashewa suke ƙarasawa.

Abin da kamfanoni suka saba yi da motocin da suka kife shi ne niƙa su a mayar da su ƙarfe. Wani babban misali a teku ya faru, amma hukuncin ɗaya ne. A Yulin 2006 jirgin ruwan Cougar Ace ya karkata a kudancin tsibiran Alaska ɗauke da motocin Mazda sama da 4,700. Bai nutse ba, an jawo shi, yawancin motocin kuma suna nan ɗaure a wurarensu, ko ƙwarzane babu. Masu son saye suka yi ta roƙo, makarantu suka nema, masu shirya fim suka nema. Mazda ta ce ba ta da hanyar sanin abin da makonni na zama a karkace suka yi wa motocin, ta kai su Portland, aka fasa jakunkunan iskarsu, aka huda tayoyin, aka niƙe su duka.

Duk wanda ya tashi a inda ake lallaɓa mota ɗaya shekara talatin, bakanike yana ɗaure ta da waya tana ci gaba da kai mutane kasuwa, dole zuciyarsa ta sosu da wannan. Ni ma tana sosuwa. Gumin ma'aikata ne, ƙarfe ne da aka haƙo aka narka, kuma almubazzaranci ba abin wasa ba ne. Ina ganin inda za a iya ba wa makarantun koyon kanikanci ko 'yan kwana-kwana motar su yi atisaye a kai, da sharaɗin ba za ta hau titi ba, hakan ya fi, wasu kamfanonin ma suna yi. Amma a kan maganar sayar wa mutum motar da ta kife, ina bayan maginiyar da ta fasa tulunta. Na san ba tausayi kaɗai ke motsa kamfani ba, akwai tsoron kotu da tsoron zubewar suna. Ko da wane dalili ne, wanda zai ɗauki 'ya'yansa a motar shi ya amfana.

Asarar kuwa akwai mai ɗaukarta. Tun 1906 dokar Amurka da ake kira gyaran Carmack ta ɗora wa mai jigila alhakin kayan da suka lalace a hannunsa, ko da yake manyan kamfanoni suna ƙulla yarjejeniyarsu ta daban a kan iyakar biyan. Kamfanin jirgi da na inshora su biya, su kuma su fanshe a kuɗin jigila, kuɗin jigilar kuma a rubuce yake a takardar farashin da ake liƙawa a gilashin kowace sabuwar mota. Wanda ya yi odar tasa da launin da yake so, sai dila ya kira shi ya ce a yi haƙuri, za a sake ƙera wata.

Inda na fi damuwa shi ne ƙananan ɓarna, waɗanda ba sa shiga labarai. Kifewar jirgi jefi-jefi ce, amma kullum ana haɗa taragu da ƙarfi fiye da kima, ƙofa tana gogar bango wajen saukewa, ƙurar ƙarfen dogo tana cin fenti. Waɗannan gyara su ake yi a sayar, babu laifi a gyaran. Maganar ita ce, za a gaya wa mai saye? A 1990 wani likita a Alabama, Dakta Ira Gore, ya sayi sabuwar BMW a kan dala 40,750. Bayan wata tara ya kai ta a ƙara mata sheƙi, mai aikin ya duba ya ce masa ai an taɓa sake wa motar nan fenti. Ashe ta lalace a hanya daga Jamus, ana zaton ruwan sama mai guba ne ya taɓa ta, aka gyara da dala 601. Tsarin kamfanin a lokacin shi ne, gyaran da bai kai kashi 3 cikin ɗari na farashi ba, ba a faɗa wa kowa, har dila. Masu taya alƙali hukunci suka ba likitan diyyar dala 4,000, suka ci kamfanin tarar dala miliyan 4. Kotun ƙolin jihar ta rage zuwa miliyan 2, Kotun Ƙolin Amurka a 1996 ta ce har yanzu ya yi yawa, daga ƙarshe aka tsaya a dala 50,000. Tun bayan hukuncin farko kamfanin ya koma bayyana kowane gyara komai ƙanƙantarsa. Jihohi da dama suna da dokar da ta sa iyaka, wasu kashi 3, wasu 5 ko 6, abin da ya gaza haka dila yana iya yin shiru. A ganina shirun nan shafa laka ne a kan tsaga, ko da tsagar ba ta kai ta zubar da ruwa ba. Mutum ya biya kuɗin abin da ba a taɓa ba, haƙƙinsa ne a gaya masa an taɓa, in ya so ya ce ya yarda.

Motocin da jirgi ya kifar ba su cika isowa kasuwanninmu ba, tun a can ake gamawa da su. Masu isowa su ne waɗanda suka yi hatsari a titi ko ambaliya ta shanye, kamfanin inshora ya ce gyaransu ya fi kuɗinsu, aka yi gwanjonsu a wurare irin su Copart, aka loda su zuwa Kwatano da Legas da Tema. Mai gyaran bodi ya buge, mai fenti ya fesa, ta fito tana ƙyalli a bakin titi a Kano ko Kaduna. Wasu dilolin suna faɗin gaskiya su nuna hoton yadda ta zo, wasu ba sa faɗa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Idan daga Amurka ta fito, sau da yawa sa lambar nan a intanet yana fito da tarihinta, har da hotunan ranar gwanjo. Mai saye ya kwafi lambar tun kafin a fara ciniki, ya kuma je da bakanikensa, ba na dila ba, a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta.