Lambar da ke Gindin Kwalba

Duk wanda ya juya kwalbar roba ya dubi gindinta zai ga wata 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. Ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da tsarin a 1988, don a san irin robar da aka yi kowane kaya da ita. Masu tsintar roba a unguwannin Kokomlemle, Nima da Maamobi na birnin Accra da wannan bambancin suke cin abinci, domin a kan kilo ake saye, kuma kowane iri da kuɗinsa.

Lamba 1 ita ce PET, ta kwalaben ruwa da lemo, garau kamar gilashi, tana ƙara idan an matse ta. Lamba 2 ita ce HDPE, ta jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da mutanen Accra ke kira galan ɗin Kufuor. Yawancin kujerun biki lamba 5 ne.

Idan alamar ta goge, bokitin ruwa ya isa gwaji. A yanko ɗan guntu a jefa: na 2 da na 5 za su taso sama, na kwalba ya nutse. Bambancin nan ne ya sa ake cire murfi a ware shi daban da kwalba, don narke su tare yana ɓata kayan.

Abin takaici, ledar da ba a tsince ba kwatar Nima take bi zuwa kogin Odaw. Toshewar magudanai na cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobara a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu.